Farin ok ko jan ok: wanne zai jure ƙofar waje da hunturun Kano?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan katakon nan ne na Amurka da ake kira ok. Aikin ƙofar waje ce guda ɗaya, da teburin cin abinci mai faɗin santimita 90, kuma a Kano za a yi amfani da su. Dila yana da iri biyu, fari da ja. Jan ya fi araha, ya ce wai launi ne kawai ya raba su. Haka ne? In ba haka ba ne, wanne za a sa a ina?

Mai Katako: Wa alaikumus salam. Dilan nan ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani yana neman ya sauke kayansa. Launi ma shi ne mafi raunin shaida, don akwai farin ok mai ɗan ja-ja, akwai jan ok da ya yi fari fat. Bishiyoyi ne daban, kuma kowanne suna ya tattara dangi da yawa. Babban farin shi ne wanda masana ke kira Quercus alba, babban jan kuma Quercus rubra. Duka a gabashin Amurka suke fitowa, har su leƙa kudancin Kanada. A daji ganye ke raba su, na farin yatsunsa masu zagayayyen baki ne, na jan masu tsini. Amma kai ba ganye za a kawo maka ba, don haka nemi zarto ka yanke bakin katakon ka dubi goshinsa.

Malamin Daji: Bari in ɗora a kan maganar Alhaji, domin a goshin nan duk sirrin yake. Jikin ok cike yake da 'yan bututu da bishiya ke jan ruwa da su tun daga saiwa. A farin ok, idan itacen ya manyanta ya zama zuciya, wato tsohon katakon tsakiyar gungume, wasu 'yan ƙwayoyi kamar kumfa sukan tsiro su toshe bututun nan. A jan ok bututun a buɗe suke zama. Shi ya sa ruwa ke bin jan ok kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya shiga ta ƙasan ƙofa ya hau sama ya zauna, ruɓa ta biyo baya. Gwajin ba shi da wuya. Yanko guntu mai tsawon santimita 10 zuwa 12 wanda zarensa ya miƙe, tsoma baki ɗaya a ruwan sabulu, ka busa ɗaya bakin. In kumfa ta taso, ja ne. In kumatunka suka cika iska ta ƙi wucewa, fari ne. Sharaɗi biyu: guntun ya fito daga zuciya, don farin gefen da ke kusa da ɓawo a buɗe yake ko a farin ok, sannan a cikin dangin farin akwai wanda ake kira ok na cesnat da toshewarsa ba ta cika ba, kuma akan gauraya shi a cikin lodi.

Mai Katako: Akwai kuma shaidar ido. A fuskar katakon za ka ga 'yan gajerun layuka masu duhu suna bin tsawonsa. A jan ok gajeru ne, ba su cika wuce santimita 2 ba. A farin ok sukan zarce haka, har 3 ko fiye. In lodi ne babba ake shakkar sa, ana ɗiga ruwan sodiyam naitirait mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a zuciyar katakon. Farin zai koma duhu sosai cikin 'yan mintoci, jan kuwa da ƙyar launinsa zai motsa. Guba ne, a sa safar hannu a kuma ɓoye wa yara.

Ɗan Koyo: Allah ya ƙara ilimi. Ke nan farin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba?

Injiniya: A'a ƙanena, a nan mutane ke kuskure. A ma'aunin taurin katako na Janka, alƙaluman da masu sayar da katakon daɓe ke amfani da su 1,360 ne ga fari, 1,290 ga ja. Tazarar ba ta kai a yi magana ba. A nauyi ma haka, busasshen farin wajen kilo 750 ne a kowace mita kubik, jan wajen 700. Tebur a cikin ɗaki ba zai taɓa gaya maka wanne ne wanne ba. Ruwa ne kaɗai alƙalin da ke raba su.

Mai Katako: In za ka zaɓa, ɗauki wanda zoben shekarunsa suka matsu da juna. Bishiyar da ta girma a hankali ta fi ƙarfi.

Malamin Daji: Alhaji, da girmanka, nan kam ban bi ka ba. Wannan ƙa'idar ta itatuwa irin su fayin ce. A ok abin a juye yake. Kowane zobe kashi biyu ne: na farkon shekara mai manyan ramuka, da na ƙarshen shekara mai tauri. Kaurin mai ramukan kusan ɗaya ne kowace shekara, ko an samu ruwa ko ba a samu ba. Abin da ke ƙaruwa a shekarar albarka shi ne mai taurin. To bishiyar da ta yi saurin girma mai taurinta ya fi yawa, ta fi nauyi, ta fi ƙarfi. Mai matsattsen zobe ramuka ne jere bisa jere.

Mai Katako: To me ya sa masu kayan ɗaki a can suke biyan kuɗi mai yawa a kan mai matsattsen zoben?

Baba Kafinta: Don ya fi daɗin aiki ne, Alhaji, ba don ƙarfi ba. Ya fi laushi a bakin kurfi, bai cika tsagewa a injin feraya ba, zanensa ya fi kyau a ido, kuma bai kai ɗayan motsi ba. Ku duka kuna da gaskiya, kowa da inda ya dosa. Ƙafar kujera da duk abin da zai ɗauki nauyi ko a lanƙwasa shi, a ba shi mai faɗin zobe. Fuskar tebur da fallen ƙofa, mai matsattse. Amma ɗana, duk wannan ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da zai kunyata ka a Kano hunturu ne. Injiniya, yi masa lissafi.

Injiniya: To Baba. Katako ba ya daina shan danshin iska da fitar da shi har abada, ko ya shekara ɗari. A Amurka ana busar da ok na kayan ɗaki a tanda har danshinsa ya sauko kashi 6 zuwa 8 cikin 100. A tsakiyar hunturu, idan laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20, katako yakan nufi kashi 4 zuwa 5. A watan Agusta, idan laima ta kai 70 zuwa 80, yakan nufi 13 zuwa 16. Mu ɗauka tazarar maki 9 ce tsakanin 5 da 14. Farin ok da aka yi wa yankan kwance, wato wanda zanensa ke fitowa kamar tsaunuka, yana motsa kashi 0.365 cikin 100 na faɗinsa a kan kowane maki ɗaya. Buga 90 sau 0.00365 sau 9, za ka samu kusan santimita 3. Wanda aka yi wa yankan kwata, inda zoben ke tsaye a goshin katako, motsinsa rabin haka ne, wajen santimita 1.5. Wannan shi ne mafi munin hali, ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska ba zai kai haka ba, amma da mafi muni ake yin shiri. A tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Kuma abin da zai ba ka mamaki, farin ya fi jan motsi: daga ɗanye zuwa bushewa ƙarƙaf farin na tsukewa kashi 10.5 a yankan kwance, jan 8.6.

Mai Fenti: Ai in aka yi masa banish hannu huɗu ko biyar an rufe ƙofar danshi, magana ta ƙare.

Injiniya: Oga, banish jinkirtawa yake yi, ba ya hanawa. Zai kare ka daga sauyin kwana biyu ko mako guda. Hunturu kuwa wata uku ne zuwa huɗu, yana da lokacin da zai bi ta cikin banish ɗin a hankali. Inda banish ke da amfani sosai shi ne daidaito: hannu nawa ka yi wa sama, yi wa ƙasa haka. In sama ta sha biyar ƙasa ba ta sha ko ɗaya ba, ƙasa za ta riga bushewa, tebur ya lanƙwashe.

Mai Fenti: Wannan na yarda, ƙasan tebur ne kowa ke yi wa rowa.

Baba Kafinta: To ga yadda za a haɗa shi, ɗana, ka rubuta. Fuskar tebur a haɗa ta da falle-falle masu faɗin santimita 10 zuwa 15, kada a nemi falle ɗaya mai faɗi don burgewa. Gam a gefe da gefe kawai. Kada ka kuskura ka manna fuskar a jikin firam da gam, kada kuma ka ɗaure ta da sukuru a matsattsen rami. In ka yi haka, hunturu na zuwa za ta nemi tsukewa ta rasa hanya, sai ta tsage daga baki, wani lokaci da ƙara kamar an harba bindiga. Ramukan sukurun da ke firam a tsawaita su ta fuskar faɗin tebur, kamar santimita 2, a sa washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda, a ƙarƙashin kan sukurun don ya riƙa zamewa. Na tsakiya kaɗai za a ɗaure tamau, sai motsin ya rabu biyu, rabi dama rabi hagu. In za a sa katakon da ke rufe goshin tebur a kai da kai, gam a tsakiya kawai, tsawon tafin hannu, sauran a riƙe da turaku a dogayen ramuka.

Ƙofa kuma firam da fallen ciki. Fallen mai faɗin santimita 30 a yankan kwance zai iya motsa kusan santimita 1. A yi masa kwari mai zurfin milimita 12 zuwa 15, ya zauna a ciki ba gam. In a hunturu kake haɗawa, bar masa sarari milimita 5 kowane gefe don zai kumbura. In a damina ne, shigar da shi kusan ƙarshen kwarin don tsukewa zai yi. A shafa wa fallen launi da banish kafin a haɗa, in ba haka ba da ya tsuke sai farin layi ya bayyana a gefensa. Saman ƙofa da ƙasanta, inda ba mai gani, su ne suka fi bukatar shafe. Jan ok kuwa kada ya kusanci aikin ƙofar.

Hajiya Mai Adon Gida: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Akwai abin da ake yawan gani a ƙofofin ok, baƙin zane yana gangarowa daga wajen hinjis kamar an zubar da tawada. Masu gida sukan ce ruɓa ce.

Baba Kafinta: Ba ruɓa ba ce Hajiya, rini ne. Ok cike yake da sinadarin nan mai ɗaure baki irin na bagaruwa. Duk wanda ya san dukanci ya san fatar da aka jeme da bagaruwa, da an shafa mata kuloko sai ta koma baƙa ƙirin, don kuloko ruwan ƙarfe ne. Abin da ke faruwa a ƙofar ke nan, ƙusa ce kulokon, ruwan sama ya haɗa su. Ba a tsaya a launi ba ma, sinadarin na cin ƙarfen har sukuru ya rame ya karye. Magani shi ne hinjis da sukuru na silba wanda ba ya tsatsa, ko na tagulla. Na tagulla yana da laushi, kansa na tsinkewa a cikin ok, don haka a huda rami tukuna, a fara shigar da sukurun ƙarfe ya yanka hanya, a fitar da shi, a goga wa na tagullar kakin kyandir sannan a ɗaura. Ko wane iri ne ma, ba a sa wa ok sukuru ko ƙusa ba huda, tsagewa yake.

Mai Fenti: Har a shago abin na faruwa tun kafin kaya su fita. Ƙarfen matsi ya taɓa jiƙaƙƙen gam, sai ka ga baƙin tabo. A sa leda ko takarda a tsakani. Kada a goge ok da sosan ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa a ramuka, ya fito ɗigo-ɗigo daga baya. Kada a yi gurzar ƙarfe kusa da inda aka jingine shi. In tabon ya riga ya fito, sanfefa ba ta cika kai wa gare shi ba, sai ruwan asid na okzalik. Giram 60 zuwa 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a shafe fuskar gaba ɗaya, ba wajen tabon kaɗai ba, don kada wurin ya yi fari shi kaɗai. A bari ya bushe, a ɗauraye sau biyu ko uku, a bi da ruwan bekin soda, a sake ɗaurayewa. Kafin a sa sanfefa a rufe hanci, ƙurarsa na ƙona maƙogwaro. Wani abu kuma, banish mai ruwa yakan jawo sinadarin sama ya bar rawaya-rawaya, shi ya sa ake fara shimfiɗa shelak, wani irin banish mai saurin bushewa, hannu ɗaya.

Hajiya Mai Adon Gida: To launin nan mai duhu kamar zuma da ake gani a tsofaffin kujerun Amurka fa, wanda ke da walƙiya kamar ɓawon kifi? Fenti ba ya ba da shi.

Mai Fenti: Abu biyu ne suka haɗu. Walƙiyar daga yankan kwata take, layukan nan da Alhaji ya ambata ne zarto ya bi ta faɗinsu. Launin kuma turare ne da amoniya, irin aikin da Gustav Stickley ya shahara da shi a jihar New York a farkon shekarun 1900. Ana rufe kayan a tantin leda, a ajiye amoniya a faranti a ƙasa, tururinta ya haɗu da sinadarin katakon ya rina shi har ciki. Mai ƙarfin kashi 25 zuwa 28 kan yi aiki daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu, ta goge-gogen gida mai rauni ta fi ɗaukar lokaci. A saka guntaye a ciki ana zaro ɗaya-ɗaya ana dubawa. Matsalarsa: farin gefe ba ya rinuwa, fallen da suka fito daga bishiyoyi daban ba sa yin launi ɗaya, jan ok kuma kore-kore yake komawa. Mai ƙarfin tana makantarwa, a fili ake yi, da tabarau mai rufe ido da takunkumin da aka yi don amoniya, ba na ƙura ba.

Ɗan Koyo: Yanzu na gane abin da ya sa farin ya fi tsada.

Mai Katako: Akwai ƙarin dalili, masu ganga ne ke rububinsa. Tunda ba ya yoyo, da shi ake yin gangar katako. Dokar Amurka ta ce barasarsu da ake kira bobon sai a sabuwar gangar ok da aka babbake cikinta, kowace ganga wajen lita 200, kuma ba a maimaita ta a wannan aikin. Ka ga kowace shekara sai an sare sababbi, kuma mafi kyawun gungume suke ɗauka. Ko yajin Tabasco a gangar farin ok ake tsima barkononsa har shekara 3 a Avery Island ta jihar Louisiana. Jan ok kuwa buɗaɗɗun ramukansa sun yi masa rana a wani wurin, yana shan maganin hana ruɓa sosai, shi ya sa yake da kyau a katakon shimfiɗar layin dogo.

Malamin Daji: Jiragen ruwa ma haka. Jirgin yaƙin nan Constitution da aka sa a ruwa a Boston a 1797, haƙarƙarinsa na wani ok ne na kudancin ƙasar mai ganye kore duk shekara, bangonsa kuma farin ok. Yana nan har yau, kuma sojan ruwansu sun keɓe masa kurmin farin ok a jihar Indiana don gyara. Damuwar masu daji a can yanzu ita ce manyan bishiyoyi na nan, amma ƙanana ba sa tasowa yadda ya kamata, don itatuwa masu jure inuwa irin su mapul sun mamaye ƙarƙashin daji. Bishiyar da sai ta yi shekaru masu yawa, sau da yawa 80 ko fiye, kafin ta isa yin ganga, ba a cike giɓinta da gaggawa. Kafin wani ya tambaya, ba za ta yi a nan ba, tana bukatar sanyin ƙasarsu ta yi barcinta na shekara.

Hajiya Mai Adon Gida: Ni fa tambayata ɗaya, ku gafarce ni. Duk wannan wahala, me ya hana a yi ƙofar da iroko?

Injiniya: Hajiya kin taɓo inda yake. A alƙalami iroko ya yi nasara: tsukewarsa a yankan kwance wajen kashi 3.8 ce, ta farin ok 10.5. Yana jure ruwa, kuma ya fi ok jure gara. Farin ok ruɓa yake jurewa, garar ƙasarmu ba ta san sunansa ba, farin gefensa kuma abincin ƙwaron nan ne mai zubo gari. Wanda ya guje wa jan ok ya kafa firam ɗin farin a ƙasa ba magani, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Mai Katako: Injiniya kada ka kashe mana kasuwa. Mai aiki zanen ok yake so, iroko ba shi da shi. Ƙofar da ke ƙarƙashin rumfa, farin ok yankan kwata, firam a ɗage daga ƙasa an yi masa maganin gara, za ta daɗe. Abin da zan ja kunne a kai shi ne sayen. Da ƙafar katako ake sayarwa, wato inci 12 sau 12 sau kauri 1, kuma 424 ke cika mita kubik ɗaya. In ka ga 4/4 inci ɗaya ne kafin feraya, bayan feraya ya dawo wajen milimita 20, 8/4 kuma inci biyu, shi ne na firam ɗin ƙofa. Darajar katako ta sama, wadda ake kira FAS, tana nufin aƙalla kashi 83 na fuskar ba aibi, faɗi daga inci 6, tsawo daga ƙafa 8. Mai bi mata da ake yawan saya, lamba ɗaya, kashi 66 ne, ya isa ƙafafu da gajerun sassa. A kuma kula da masu aron suna. Ok na Malesiya itacen roba ne, ok na Tasmaniya dangin turare ne. Wani kuma ɓawon ok ne da bai kai milimita ɗaya ba aka manna a kan allon garin katako. In zanen fuska bai zarce ya haɗu da zoben goshi ba, manni ne.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai iyayena. Ke nan ƙofa iroko ko farin ok yankan kwata, tebur kowanne. Saura ɗaya: in katakon ya iso, nan take za a fara yanka?

Baba Kafinta: A'a. Jera shi a cikin shago a inuwa, ɗage daga ƙasa, da 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 a tsakanin kowane layi, tazarar santimita 40 zuwa 50, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama. Shafa wa goshinsa kaki ko tsohon fenti, don ta nan yake saurin bushewa ya tsattsage. Mako biyu zuwa uku ga mai inci ɗaya, mai inci biyu ya fi haka. In a hunturu ya iso, rufa masa buhu kada iskar ta buge shi kai tsaye. Auna shi da mitar danshi duk bayan kwana uku, sai ka ga lamba ta tsaya. Sannan a yanka da ragowa, a feraye kaɗan daga kowace fuska daidai wa daida, a bar shi kwana biyu ya gama miƙarsa, kana a yi ferayar ƙarshe. Mai kaurin kuma ka yanke santimita 5 daga bakinsa ka leƙa ciki tun a gaban dila. In an gaggauta shi a tanda za ka ga tsage-tsage a ciki kamar saƙar zuma alhali wajensa sumul, wannan ba ya gyaruwa, mayar masa da abinsa.